Zazzaɓin shawara a gefen dajin Yankari: yadda ta kasance da wani matashi a damunar 2019

## Wane ne shi, ina ne wurin

Matashi ne ɗan shekara 23, manomi, yana da mata ɗaya da yarinya ƴar wata bakwai, suna zaune a babban gida na gandu mai mutum kusan ashirin a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Na sakaya sunansa da na ƙauyen. Gonar masararsu tana can bakin daji, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa, kuma duk wanda ya san yankin ya san in masara ta fara goyo to birai ba sa barin mutum ya huta, jan biri da gwaggon biri garke guda suke shigowa, shi ya sa samari ke kafa bukka a gona su riƙa gadi tun asuba har duhun magariba, wani sa'in ma su kwana can.

Ba shi da hawan jini, ba shi da sikari, ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba. Rigakafin shawara kuwa bai taɓa yi ba, kuma ba sakacin iyayensa ba ne, don sai a 2004 Najeriya ta sa wannan allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum da ake yi in yaro ya kai wata tara, shi kuwa haihuwar 1996 ne. Kusan duk sa'o'insa haka suke. Cutar kuma ta jima ba a jin ɗuriyarta, tsofaffi ne ke tuna ta Jos a 1969 ko ta Oju a jihar Binuwai a 1986, sai a Satumban 2017 ta sake ɓulla a Ifelodun ta jihar Kwara, daga nan ta riƙa tsalle jiha zuwa jiha. Ranar 29 ga Agusta 2019 aka ba da rahoton wani da ake zargin yana da ita a Kano, da aka bi diddigi aka ga ya je Yankari, ba a jima ba rahotanni suka fito daga Bauchi da Borno da Gombe. A ƙauyen da muke magana ba wanda ya ji wannan labarin a lokacin.

## Ƙarshen Agusta: kwanakin da ba a ga komai ba

Makon ƙarshe na Agusta a bukka ya yi shi. Ya ce sauro dai akwai shi kamar kullum, musamman da yamma in rana ta kusa faɗuwa, bai ga wani abin lura ba.

Abin da ke gudana a irin wannan wuri shi ne, bairos ɗin shawara, wato ƙwayar cutar da ke kawo ta, ba mutum ne asalin mazauninsa ba, tsakanin biri da sauro yake zagayawa a saman itatuwa. Sauron da ke wannan aikin dangin Aedes ne, a cikin daji sosai akwai Aedes africanus, a bakin daji irin namu na sabana akwai su Aedes luteocephalus da Aedes furcifer, waɗanda ba su damu ba ko biri ko mutum duk wanda suka samu cizo ne. A kogon bishiya suke ƙwai inda ruwan sama ke taruwa, shi ya sa ƙarshen damuna ne suke yawa. Biran Afirka kuma yawanci cutar ba ta kashe su, su ɗauka su yi ƴan kwanaki da bairos a jini su warke abinsu, saɓanin wasu biran Kudancin Amurka irin na Birazil da ke faɗowa matattu har hukuma ta gane akwai matsala kafin ta kai ga mutane. Mu a nan ba mu da wannan gargaɗin, mutum ne farkon wanda ake ganin ya faɗi.

Sauron da ya sha jinin biri mai cutar ba a ranar yake iya harbin wani ba. Sai bairos ɗin ya kama bangon cikin sauron, ya hayayyafa, ya ratsa jikinsa har ya isa inda yawunsa ke fitowa, wannan kan ɗauki kamar kwana 9 zuwa 12, in akwai zafi ya fi sauri. Daga nan kuma har ya mutu yana ɗauke da shi. Macen ce kawai ke cizo don jini take buƙata ta yi ƙwai, kuma wani kaso kaɗan na ƙwan yana iya gadar bairos ɗin, ga ƙwan Aedes da jure bushewa na watanni, to ka ga ɗaya daga hanyoyin da cutar ke ƙetare rani kenan.

In ta ciji mutum sai ta tofa yawu a fata, bairos ya shiga ƙwayoyin garkuwar jiki da ke wurin, su kai shi kaluluwa, ya yi yawa ya zubo cikin jini, sannan ya nufi hanta. Shi kansa ɗan mitsitsi ne, faɗinsa bai wuce nanomita 50 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), zare ɗaya ne na RNA, wato rubutun gadon halittarsa, mai haruffa kusan 11,000 a cikin kwanso da rigar kitse, furotin goma kacal yake haɗawa, sauran aikin duk da kayan ƙwayar jikin mutum yake yi. Daga cizo zuwa zazzaɓi kwana 3 zuwa 6 ne. A cikin waɗannan kwanakin mutuminmu ya dawo gida lafiya ƙalau har ya ci kasuwa.

## Rana ta 1 zuwa ta 3: kemis, sannan ƙaramin asibiti

Farkon Satumba da hantsi zazzaɓi ya rufe shi lokaci guda, sanyi, ciwon kai mai tsanani, ga ciwon baya wanda ya ce bai taɓa jin irinsa ba, kamar an daki ƙugunsa. Ƙaninsa ya ɗauke shi a mashin zuwa kemis, mai kemis bai yi gwaji ba, ya ce maleriya ce ai lokacinta ne, ya yi masa allurar maleriya, ya haɗa masa ƙwayoyi har da diklofenak, maganin ciwon jiki, saboda bayan. Ya koma gida ya kwanta a tabarma ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, kusa da randunan ruwa don nan ne ke da sanyi. Gidan sauro akwai a ɗaki amma sai dare ake saukewa.

Rana ta 2 ba sauƙi, ga tashin zuciya, aka ƙara allura ta biyu.

Rana ta 3 aka kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa. Zafin jiki 39.5, idanu sun yi ja, harshe fari a tsakiya gefensa ja, fitsari ya ɗan yi duhu. Bugun jini 68 a minti ɗaya. A ƙa'ida in zafi ya hau bugun ma hawa yake, kusan ƙarin 10 ga kowane digiri ɗaya, to mai zafi 39.5 ana sa ran ganin 100 ko sama, a ga 68 abin tsayawa ne, likitoci sun daɗe da sanin wannan alamar a shawara duk da taifot ma kan yi haka. An rubuta lambar a kati an wuce. Gwajin maleriya na tsinke ya nuna layi biyu, wato akwai ta, aka yi gwajin Widal shi ma aka ce akwai taifot, sai aka ba shi maganin maleriya na sha da sifuro saboda taifot ɗin, aka ce a ci gaba da na ciwon jiki, ya dawo in bai ji sauƙi ba.

A lura, gwajin tsinke a watan Satumba a ƙauye mutane da yawa za su nuna layi biyu ko da ba maleriyar ce ta kwantar da su ba, don abin da yake ganowa kan zauna a jini makonni bayan an warke. Widal guda ɗaya kuwa ba ya tabbatar da komai. Kuma waɗannan kwanaki ukun zuwa huɗu na farko su ne lokacin da bairos ya fi yawa a jininsa, duk Aedes aegypti da ya cije shi a ƙarƙashin rumfar nan ya ɗauka, shi kuwa wannan sauron na cikin gida ne, da rana yake cizo, safe da la'asar, a randa da tulu da tsohuwar taya da gwangwani yake haihuwa.

## Rana ta 4: sauƙi

Ya tashi zazzaɓi ya sauka, ya sha koko, ya yi wanka da kansa, har ya zauna a ƙofar gida ana gaisawa. Mahaifinsa ya haɗu da ma'aikacin asibitin a hanya ya ce masa "Likita ai jiki Alhamdulillahi, maganin nan ya karɓe shi, gobe ma cewa yake zai leƙa gona." Shi ma ya ce "Madalla Baba, Allah ƙara sauƙi, a dai shanye maganin."

Shawara haka take, bayan kwana uku ko huɗu sai ta lafa na sa'a 24 zuwa 48. Mafi yawan mutane daga nan sun warke kenan, da yawa ma tun farko ba sa jin komai ko ɗan zazzaɓi ne kawai su miƙe. Amma kusan mutum ɗaya cikin bakwai na waɗanda suka kwanta, wannan lafawar ba warkewa ba ce, hanta ce ke lalacewa a ɓoye. A ranar ba yadda za a yi ka bambance su da ido.

## Rana ta 5 da ta 6: ido ya yi ɗorawa

Da yammacin rana ta 5 zazzaɓi ya dawo, ga amai, ga ciwo a saman ciki ta dama. Washegari matarsa ce ta fara lura da idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kuma kamar baƙin shayi kuma ɗan kaɗan. Kakarsa na gani ta ce shawara ce, kuma gaskiyarta, sai dai a wajenta wannan ba ciwon asibiti ba ne, "ku bar shi da allurar nan haka, shawara ba ta son allura," aka tono saiwar rawaya aka jiƙa ana ba shi, yana sha yana amayarwa. Diklofenak ɗin ma ba a daina ba tunda bayan na nan.

Daren rana ta 6 ya yi amai baƙi mai gari-gari, dasashi ya fara tsattsafo da jini, wurin da aka yi masa allura a ɗuwawu ya yi baƙi ya kumbura. Hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare, in ta gaza sai jini ya riƙa zuba ta ko'ina har cikin tumbi, baƙin aman nan jini ne da ruwan ciki ya dafa. Diklofenak da asfirin da ibuprofen kuma suna ƙara cin bangon ciki, suna rage aikin ƙwayoyin tsayar da jini, suna matsa wa ƙoda, wato duk wuraren da cutar ke bugu. Ganin jinin ne ya sa mahaifin ya ce a nemo mota.

## Rana ta 7: babban asibiti, da tambayar wace ce a cikinsu

An iso da shi yana magana amma a rikice. Zafi 38.6, awon hawan jini ya faɗi zuwa 90 bisa 60, sikarin jini ya yi ƙasa. Gwajin hanta ya nuna AST, sinadarin da ke ƙaruwa a jini in hanta na lalacewa, ya haura 2,000 alhali na mai lafiya ba ya wuce 40, kuma ya fi ɗan'uwansa ALT yawa, wanda a ciwon hanta na hepatitis da aka saba gani akasin haka aka fi samu. Fitsari cike da furotin. Likitan ta tambayi ƙanin "Malam ina yake aiki, ya shiga daji kwanan nan?", da ya ce gadin biri yake a bakin Yankari sai ta sa a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ƙa'idar a sauƙaƙe take, duk mai zazzaɓi farat ɗaya da idonsa ya yi ɗorawa cikin kwana 14 to a ɗauke shi mai shawara har sai gwaji ya ce ba ita ba ce.

Zazzaɓi da zubar jini a arewa ba shawara kaɗai ke kawo su ba. Akwai Lassa wadda ke nan Bauchi kusan duk shekara, ita bairos ce amma ɓera ke yaɗa ta kuma tana bin jini da ruwan jiki daga majinyaci zuwa mai jinya, shi ya sa aka keɓe shi aka sa safar hannu tun kafin a san komai. Akwai maleriya mai tsanani, wadda sauro ke kawowa amma ba bairos ba ce sam, wata halitta ce daban kuma sauronta Anopheles ne mai cizon dare. Sai kuma babban rukunin da masana ke kira arbobairos, wato duk bairos ɗin da ke hayayyafa a jikin ƙwaro mai shan jini, ƙwaron ya kai shi ga mutum ko dabba. An san sama da 500, fiye da 100 a ciki suna sa wa mutum ciwo. Hanyar yaɗuwa ce ta haɗa su ba dangantaka ba, in aka zo ga asali gida-gida ne.

Gidan su shawara shi ne Flaviviridae, a nan dengi take, da Zika da aka fara ganowa a wani biri a Yuganda a 1947, da bairos ɗin Yammacin Nilu wanda shi tsakanin tsuntsaye da sauron Culex yake yawo kuma ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Ƴan gidan nan kama suke yi da juna sosai har garkuwar jiki kan rikita su, za mu ga illar haka a wajen gwaji. Dengi iri huɗu ce, wanda ya yi ɗaya bai tsira daga sauran ba, ta biyun ma takan fi muni, an tabbatar da ɓullarta a Sakkwato a ƙarshen 2023. Shawara kuwa ta fuskar garkuwa iri ɗaya ce tak a duk duniya, shi ya sa allura ɗaya ke aiki daga Bauchi har Birazil. Gida na biyu Togaviridae, can cikungunya take wadda aka fara bayyanawa a Tanzaniya a 1952, ita gaɓoɓi take kamawa har mutum ya kasa miƙewa na watanni amma ba ta cika kisa ba, ta kwantar da dubban mutane a Abeche ta Chadi a 2020. Sai dangin Bunya masu zaren RNA uku maimakon ɗaya, cikinsu akwai zazzaɓin Rift Valley mai sa tumaki da shanu ɓari kuma ya kama mai yanka ko mai karɓar haihuwar dabba, kamar yadda aka gani a Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa ta Nijar a 2016, da zazzaɓin Kirimiya-Kwango da kaska ke ɗauka. Mutuminmu ba makiyayi ba ne, bai taɓa dabba mai ɓari ba, gaɓoɓinsa ba su kumbura ba, ba ƙuraje a jiki, ga ɗorawar ido mai ƙarfi da lafawar kwana ɗaya a tsakiya. Aka ɗebi jini aka tura.

## Rana ta 7 zuwa ta 14: jinya

Babu maganin da ke kashe bairos ɗin shawara, har yau. Abin da ake yi shi ne a riƙe mutum da rai har hantarsa ta farfaɗo. Aka tsayar da diklofenak da jiƙon, aka daina allura a tsoka don kar jini ya taru, komai ta jijiya. Ƙarin ruwa mai sikari saboda hantar ta kasa riƙe sikarin jini, ana auna shi akai-akai har cikin dare. Maganin rage ruwan ciki mai tsami, bitamin K, da maganin maleriya ta jijiya tunda gwajin ya nuna ba za a yi watsi da shi ba. Aka sa masa gidan sauro dare da rana.

An sa robar fitsari ana aunawa, ranar farko abin da ya fito a sa'a 24 bai kai mililita 400 ba, to nan hankalin kowa ya fi tashi don yawancin masu mutuwa da wannan cutar ƙodar ce ke tsayawa tare da hantar, kuma asibitin ba injin wankin ƙoda. Ruwan sai da lissafi, in ya yi kaɗan ƙoda ta bushe, in ya yi yawa ya cika huhu. Rana ta 9 jininsa ya yi ƙasa aka ƙara masa leda biyu, ƙaninsa da wani ɗan baffansa suka bayar. Rana ta 10 ce mafi muni, bai gane mahaifiyarsa ba, tana ta "ɗan nan buɗe ido ka gan ni" yana kallon bango. Cikin waɗanda suka kai wannan matakin kusan rabi ne ke rasuwa a kwana 7 zuwa 10.

Rana ta 11 fitsari ya haura mililita 700, rana ta 12 ya nemi ruwa da bakinsa, aman ya tsaya. Rana ta 14 AST ya sauko ƙasa da 500.

Sakamakon gwajin ya dawo yana cikin farfaɗowa. PCR, gwajin da ke neman bairos ɗin kansa a jini, ya gan shi, kuma sa'a aka ci don a rana ta 7 ya riga ya fara ɓacewa daga jini, bayan kamar kwana 10 da wuya a same shi. Da an makara sai dai a dogara da IgM, wato garkuwar da jiki ya haɗa, ita kuma tana iya nuna akwai ga wanda dengi ko Zika ya yi ko wanda bai jima da yin rigakafi ba, irin waɗannan samfuran ne ake turawa Cibiyar Pasteur ta Dakar a tantance. Na Lassa ya nuna babu.

## Tsakiyar Satumba zuwa Oktoba: ƙauyen

Da ma'aikata suka shiga gidan, randa shida suka buɗe, huɗu da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. In ka haska tocila sai ka ga duk sun nutse ƙasa lokaci guda. Matan gidan suka ce ai kullum suna ƙara ruwa sabo, kuma haka ne, amma ƙarawa ake ba a juyewa, ƙwan kuma a jikin randar yake manne daidai saman ruwa, in ba a goge da soso ba ko an zubar da ruwan yana nan, ana zuba sabo zai ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar mako ɗaya ne zuwa kwana goma, to aka ce duk mako a juye a goge a rufe. Bayan gida an tarar da tayoyin mashin biyu da fasassun kwanoni duk da ruwa. Aedes aegypti ba ya nisa, yawanci rayuwarsa a ƴan gidajen da ke kewaye da inda aka haife shi take ƙarewa.

An yi feshi sau ɗaya, mutane sun ji daɗi, sauro ya ragu na ƴan kwanaki ya dawo tunda feshin bai taɓa na cikin randa ba.

Da aka bi gida-gida an samu wasu samari biyu da suka yi gadi a gonakin gefen, ɗaya ya yi zazzaɓin kwana uku ya warke, ɗayan ya rasu a gida da ɗorawar ido da aman jini mako guda kafin a kai namu asibiti, ba a ɗebi jininsa ba don haka ba ya cikin lissafin kowa. A cikin gidan kuma wata ƙanwarsa ƴar shekara 17 da ba ta taɓa zuwa gonar ba ta yi zazzaɓi kusan mako biyu da rabi bayan nasa, lissafin ya yi daidai da kwanakin bairos a jikin sauro haɗe da na jikin mutum. Nata bai yi tsanani ba. Yaran gidan da ke da katin rigakafi ba wanda ya kwanta.

Rigakafin gaggawa ya iso, ana yi wa daga ɗan wata tara zuwa shekara 44. Allurar 17D ce, bairos ne mai rai da aka raunana, Max Theiler ya samar da ita a 1937 daga wanda aka ɗauka a jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi a 1927, kuma har yau jikokin wannan bairos ɗin ake amfani da su. Tana fara kariya bayan kwana 10, cikin wata ɗaya kusan kashi 99 cikin 100 sun samu garkuwa, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har abada. Ranar farko mata da yara ne suka cika layi, maza suka ce ai allura ta yara ce, alhali su ne cutar ke kwasa. Sai da mahaifin majinyacin ya tsaya bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da ya gani da idonsa, mai gari ya miƙa hannu aka yi masa a gaban jama'a duk da ya haura shekarun, kuma aka mayar da teburin bakin hanyar gona da sassafe, sannan samari suka fito. Jaririyar ba a yi mata ba sai da ta cika wata tara, kafin nan a gidan sauro take wuni.

## Sakamako

An sallame shi a mako na uku. Ɗorawar ido ta ɗauki sama da wata kafin ta washe, kasala kuma har bayan girbi, masarar ma ƴan'uwa ne suka cire masa abin da birai suka bari. Gwajin hanta da ƙoda bayan wata uku ya dawo daidai, don hantar da ta tsallake shawara takan gyaru ba tare da tabo ba, kuma ba zai sake yin cutar ba. Kuɗin jinya ya ci akuya uku da buhunan da ba a kai ga girbewa ba. Bayan rigakafin ba a sake samun mai ɗorawar ido a ƙauyen ba a wannan kakar, ko da yake ruwa ma ya ɗauke a daidai lokacin.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ganina ba a kan maganin maleriyar aka yi kuskure ba, a Satumba duk mai hankali zai fara da ita. Inda aka faɗi shi ne da layi biyu ya rufe tunani, ba wanda ya tambaye shi ina ya kwana a makon da ya wuce sai a rana ta 7, ga bugun jini 68 a rubuce a kati. Diklofenak shi ne abin da ya fi cutar da shi cikin duk abin da aka ba shi, ya fi jiƙon rawaya, ita rawayar laifinta kwana ɗaya da rabi da ta cinye. Da a rana ta 3 an ce wa mahaifin in ya ji sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo ko ido ya canza ku taho ko tsakar dare ne, da wataƙila a rana ta 5 za a gan shi kafin jini ya ɓalle. Gidan sauron da aka sa masa a asibiti daidai ne amma ya zo a makare, kwanakin da ya fi hatsari ga mutanen gidan a tsakar gida ya yi su, kuma ina kyautata zaton ta nan ƙanwarsa ta samu.

Abin da ya tsame shi kuwa ba wani abu mai tsada ba ne, auna fitsari, auna sikari, jini leda biyu, daina abin da ke ƙara ɓarna, sai ƙuruciya da kuma kwana na gaba. Wani da aka yi wa irin wannan jinyar sak yana iya rasuwa, kada a ɗauka tsari ne mai tabbas. A ɓangaren gari, goge randa ya fi feshi amfani amma shi ma na sauron gida ne kawai, na kogon bishiya da biran da ke ɗauke da bairos ɗin ba mai iya kawar da su, don haka matuƙar ana gadin masara a bakin daji rigakafi ne kaɗai ke tsakanin manomi da cutar. Kuma waɗanda aka haifa kafin 2004 da yaran da ba a kai su ta wata tara ba suna da yawa a ƙananan hukumomin da gangamin gaggawa bai kai ba, a Nuwamban 2020 shawarar ta sake tashi a jihar Bauchi, lokaci guda da Delta da Inugu.